An ce ƙaramar kwalejin da na fara za ta hana ni zama likita a Amurka

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce mai shekara 23, ina zaune da iyayena a unguwar Bronx ta birnin New York. Daga Kano muka zo shekara shida da suka wuce, bayan mun samu koren kati, wato izinin zama na dindindin. Tasi yake ja, Mama kuma kitso take yi. Da na tashi shiga makaranta ba mu da ƙarfin jami'a, sai na shiga kwalejin al'umma mai shekara biyu, ina karatu da rana, da dare ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Zangon farko na sha kashi. Na faɗi lissafi sai da na maimaita, kemistiri kuma na fita da C. Daga baya na farfaɗo, na gama da GPA, wato matsakaicin maki bisa 4, na 3.3, na koma jami'a mai shekara huɗu inda yanzu nake da 3.8, kuma a watan Mayu zan kammala. Tun ina yarinya burina in zama likita. Amma matar da ke ba ɗalibai shawara a makarantarmu ta ce makarantun likita ba sa ganin darajar kimiyyar da aka karanta a ƙaramar kwaleji, gara in nemi wani abin. Wani ɗan uwana ya ce kada ma in ambaci kwalejin, tunda darussan sun riga sun hau takardar jami'a. Baba ya ce ko in koma gida in yi likitancin a Kano, ko in karanta aikin jinya in fara kama kuɗi, shi dai ba ya son bashi mai ruwa. Mama kuwa kullum zancenta shekaru suna tafiya. Na yi gwajin MCAT, jarrabawar shiga makarantar likita, sau biyu, na samu 501 da 503. So nake in cike takardu a watan Yunin nan don kada in ɓata shekara. Ko dai in haƙura ne gaba ɗaya?

Daga wata mai karatu a New York

Wa alaikumus salam 'yata. Mutum huɗu suka ba ki shawara, kuma a cikinsu mutum ɗaya ne kawai zan ce ki watsar da maganarsa ɗungurungum, wato ɗan uwan nan naki. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma rami yake nuna miki. Akasarin makarantun likita na Amurka ta kafa ɗaya ake neman shigarsu, wadda ake kira AMCAS, kuma ƙa'idarta a fili take. Duk kwaleji ko jami'ar da kika taɓa ɗaukar darasi a cikinta a Amurka ko Kanada sai ta aika da takardar sakamakonki da kanta, ko da darussan sun hau takardar makarantar da kika koma. Akwai kuma rumbun da ke ajiye bayanan rajistar ɗalibai a ƙasar, makarantu suna leƙa shi. Wanda aka kama da ɓoye ana iya janye gurbin da aka ba shi, rahoton kuma ya bi shi zuwa sauran makarantu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lissafin da kika faɗi zai fito, maimaicin ma zai fito, kuma AMCAS duka biyun take zubawa cikin lissafin GPA, ko da kwalejinki ta shafe na farkon a nata littafin.

To amma tsaya ki kalli takardar nan da idon mai tantancewa. AMCAS ba lamba ɗaya take miƙa wa makarantu ba. Tana jera makin ɗalibi shekara bayan shekara, sannan ta ware makin bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi daban da sauran darussa. Idan nauyin darussanki a makarantun biyu ya yi kusa da juna, jimillarki za ta tsaya wajen 3.55. Ba zan rufe ki ba, wannan ya gaza na tsaka-tsakin waɗanda makarantun MD, wato masu ba da digirin likita da aka fi sani, ke ɗauka, wanda yake kusa da 3.8. Sai dai duk wanda ya bi jerin naki daga sama zuwa ƙasa zai ga yarinyar da ta sauka ƙasar tana da shekara 17, kunnenta bai gama sabawa da Turancin Amurkawa ba, ta yi tuntuɓe a zangon farko, sannan makinta ya yi ta hawa, har ya fi kyau a daidai lokacin da darussan suka fi tsauri. Masu tantancewa suna kula da wannan sosai. Ɗalibin da ya fara da 4.0 ya gangaro 3.3 jimillarsa za ta iya fin taki, amma shi ne mai bayanin da zai yi.

Ita kuwa matar makarantarku ba ƙarya ta shara miki ba, rabin gaskiya ta faɗa. Wani bincike da aka buga a mujallar Academic Medicine a 2014, kan waɗanda suka nemi shiga a 2012, ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka ɗauka sun taɓa ratsawa ta kwalejin al'umma ta wata fuska. Amma waɗanda suka fara daga can bayan sakandare, irinki ke nan, 'yan kaɗan ne, kuma damar ɗaukarsu ta gaza ta sauran. Wasu kwamitocin suna shakkar ko kemistirin ƙaramar kwaleji ya kai tsaurin na jami'a. Inda ta kuskure shi ne da ta ɗauki hawan tudu ta mayar miki da shi bango. Maganin shakkar tasu sananne ne: manyan darussan kimiyya a jami'a da maki mai kyau, irin su bayokemistiri da ilimin gado da ilimin aikin sassan jiki da na ƙananan halittu. Wanda ya ci A a bayokemistiri babu mai sake tambayarsa C ɗin da ya samu a kemistirin farko. Idan 3.8 ɗin nan naki cike yake da irin waɗannan, kin riga kin ba da amsa. Idan kuwa akasarinsa darussa masu sauƙi ne, ki ɗauki biyu ko uku bayan kin kammala. Ƙungiyar makarantun likita ta AAMC tana da kundi a intanet mai suna MSAR, inda makarantu ke bayyana ko suna karɓar darussan kwalejin al'umma a matsayin sharaɗin shiga. Ki zauna ki tace su ɗaya bayan ɗaya, ki fitar da jerinki.

Da wannan jerin za ki koma wurin matar nan, ba da fushi ba. Kina buƙatarta. A jami'o'i da yawa ofishinsu ne ke rubuta wasiƙar kwamiti da ake haɗawa da takardun mai nema, kuma wasu suna da sharaɗin yawan darussan kimiyyar da sai an ɗauka a wurinsu kafin su rubuta. Ki tambaye ta sharaɗinsu, da ranar rufewa, da ko suna rubuta wa wanda ya riga ya kammala. Sau da yawa irin waɗannan ma'aikata sun gaji da ganin ɗalibai masu buri babu shiri, suna ganin takarda a hannunki muryarsu za ta canja.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wanda ke kika sa shi can ƙarshe kamar ba komai ba: 501 da 503, da maganar watan Yuni. MCAT sassa huɗu ce, jimillar maki daga 472 zuwa 528, tsakiyarta 500. Waɗanda ake ɗauka a makarantun MD matsakaicinsu yana wajen 511 zuwa 512. Kowace shekara fiye da mutum dubu 50 ke nema, waɗanda ke samun gurbi ba su kai rabi ba. Kuma ke musamman, wannan jarrabawa ta fi miki muhimmanci a kan 'yar ajinku da ta fara daga jami'a, domin nan ne kaɗai ake auna kowa da mudu ɗaya. Ɗan Harvard da 'yar kwalejin unguwa tambayoyi iri ɗaya suke amsawa. Kika fito da 513, zancen inda kika karanta kemistiri ya mutu. Kika fito da 502, kin ba masu shakka hujja da hannunki. Ba ta kuma gogewa, duk zaman da kika yi makarantu suna ganinsa, sau uku kawai ake yarda a shekara, sau bakwai a tsawon rai.

Ga kuma yadda lokacin yake tafiya. AMCAS tana buɗewa a watan Mayu, a fara miƙa takardu a ƙarshen watan, makarantu su fara karɓa a ƙarshen Yuni, kuma yawancinsu suna raba kujerun ganawa ne yadda takardu ke shigowa. Sakamakon MCAT yana ɗaukar kusan wata guda. Ke da ke fama da jarrabawar kammalawa har Mayu, ga aikin dare, in kika zauna a Yuli sai Agusta sakamako zai fito. Takarda a makare ke nan, da maki tsaka-tsaki, da kuɗin Baba na tasi a ciki. Baɗi kuma ki dawo a matsayin wadda aka taɓa ƙi, a tambaye ki me ya canja. Sauri ya haifi nawa. Shawarata kai tsaye, 'yata, kada ki nema a Yunin nan. Ki nema a na baɗi, a makon farko da aka buɗe, da komai a hannunki.

Kin ce ɓata shekara. Mafi yawan waɗanda ke shiga makarantar likita a Amurka yanzu sai da suka yi aƙalla shekara guda tsakanin digiri da shiga, don haka ba bayan kowa za ki zo ba. Ki huta mako biyu bayan bikin kammalawa, sannan ki ba MCAT wata biyar ko shida na gaske, ki sa ran zama a Janairu, in ya yi nisa Afrilu. Kada ki shiga ɗakin sai kin ga 510 ko sama sau uku a jere a gwaje-gwajen AAMC na ainihi. Gwajin ma ki yi shi yadda ake yin jarrabawar, ki tafi laburare da sassafe ranar Asabar, waya a kashe, ki zauna awa bakwai da rabi, ki yi azahar a hutun rabin awa na tsakiya. Ki duba kalanda kada ranar ta faɗa cikin azumi, na ga wanda bai duba ba. Sashen da ya fi kayar da waɗanda suka zo da girmansu shi ne na karatu da nazari, inda ake ba da rubutun falsafa ko tarihi ko fasaha a ce a fitar da nufin marubuci. Wannan ba ya haddatuwa, sai da karanta dogon rubutu mai nauyi kowace rana, ko da a cikin jirgin ƙasa ne kan hanyar aiki. Kafin ki biya ko dala ɗaya kuma, ki nemi tallafin rage kuɗi na AAMC ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi. Yana sauke kuɗin MCAT, wanda ya haura dala 300, zuwa ƙasa da rabi, ya buɗe miki MSAR kyauta, ya ɗauke kuɗin AMCAS na makarantu har 20. Ba ya maido abin da aka riga aka biya, shi ya sa na ce shi ne farko.

Aikin nan na dare da kika ambata a gurguje, kamar abin kunya, ina so ki daina yi masa wannan kallon. Kin yi wa tsohuwa wanka, kin juya ta a gado kada bayanta ya yi gyambo, kin lura ranar da ta ƙi abinci, kin kira 'yarta da asuba. Ɗalibai da yawa 'yan gata suna yawon neman inda za su taɓa mara lafiya don su samu abin rubutawa, ke shekaru kika yi a ciki. AMCAS tana ba da gurbi 15 na ayyukan da mutum ya yi, a zaɓi uku mafiya tasiri a faɗaɗa, kuma wannan ne na farkonki. Abin da ya rage shi ne ki ga aikin likita da idonki. Ki nemi likitan da zai bari ki riƙa bin sa yana duba marasa lafiya, ko ki koma aikin rubuta wa likita bayanai a asibiti, wanda ake biya.

Kuma kina da Hausa. Na taɓa raka wata dattijuwa maƙwabciyarmu asibiti, jikanta haifaffen nan ne yake fassara. Likita ya tambayi me ya kawo ta, ta ce shawara ce take damunta. Yaron ya juya ya ce wa likita kakarsa tana son a ba ta shawara. Likitan ya gyara zama yana jiran tambaya, ita kuma tana jiran magani, sai da na sa baki na ce ya dubi farin idonta da ya koma rawaya. A Bronx, inda mutanenmu na Najeriya da Nijar da zangunan Gana suke da yawa, irin wannan ba ya ƙirguwa. Idan kin taɓa tsayawa tsakanin Mama da likita, kin san abin da nake nufi, kuma irin wannan ne ya kamata ya cika takardar bayanin kanki mai haruffa 5,300. Kada ki mayar da ita takardar ban haƙuri. Faɗuwar lissafi jimla biyu ta ishe ta, abin da ya faru da abin da kika gyara, kuma akwai wani gurbi daban a fom ɗin don wahalhalun da mutum ya ratsa.

Wasiƙun shaida kuwa yanzu ake nemansu, tun kina ganin malaman a aji, ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin makarantu suna son biyu daga malaman kimiyya, ɗaya daga wani fannin. Ki tabbata aƙalla ɗaya daga jami'a take. Amma malamin kwalejin da ya gan ki a aji na mutum 25, ya san ranar da kika shigo idonki jajur daga aiki, zai iya rubuta abin da farfesan da ke koyar da mutum 300 ba zai iya ba.

Mu koma kan Baba. Mutumin da ke kwana a bayan sitiyari ya ji an ce bashin dala dubu 200, wanda kusan shi ne tsaka-tsakin abin da masu kammala likitanci da bashi ke fita da shi, dole gabansa ya faɗi. Maganar Kano ma ba ta banza ba ce. Jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da ABU da asibitinta na Shika, sun yaye likitocin da ke aiki a ko'ina cikin duniya. Idan a gida kike son ki yi aikinki, hanya ce ta gaske. Amma idan nan za ki dawo, lissafin daban ne. MBBS shekara shida ce idan babu yajin aiki, ga shi na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Kafin ki yi aiki a Amurka sai kin ci USMLE, jarrabawar lasisin likita, kin samu shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka karanta a waje, sannan ki shiga takarar gurbin horon asibiti, inda waɗanda suka karanta a waje kusan shida cikin goma ke samu, 'yan makarantun MD na nan kuwa fiye da tara cikin goma. Sai babbar matsalar da nake zaton Baba bai hango ba, wato mai koren kati da ya zauna a wajen Amurka fiye da shekara yana iya rasa katin. Kun haura shekara biyar, in har ba ki nemi zama 'yar ƙasa ba ki nema bana, ko wace hanya kika zaɓa.

Kuɗin ma akwai ƙofofi. Makarantar likita ta Jami'ar New York (NYU) ta daina karɓar kuɗin karatu tun 2018. Kwalejin Albert Einstein, nan cikin Bronx ɗinku, ta bi sahu a 2024 bayan Ruth Gottesman, tsohuwar malamarta, ta ba ta dala biliyan ɗaya. Ki nemi su, amma kada ki rataya rai a kansu, kowa can yake rububi. Makarantun jiha na SUNY guda huɗu, a Brooklyn da Stony Brook da Syracuse da Buffalo, sun fi sauƙi ga mazauna jihar. Akwai kuma tallafin National Health Service Corps, wanda ke biyan kuɗin karatu a madadin shekarun aiki a wuraren da ke ƙarancin likitoci, sai dai na 'yan ƙasa ne. Batun ruwan bashi ni ba malama ba ce, ba zan yi fatawa ba. Ku je tare da Baba wurin malamin da ya san yadda rayuwa take a nan, ku kai masa alƙaluman gaskiya, ku ji ta bakinsa.

Kada ki tare shi da zancen yana shigowa da asuba. Ki bari ranar hutunsa, bayan ya ci ya sha shayi, ki zauna ƙasa kusa da shi da takarda ɗaya mai ɗauke da ranaku da kuɗi. Ki ce: Baba, alfarma nake nema ta zagaye biyu. A shekarar nan zan yi aiki in riƙa sa hannu a kuɗin haya. In na nema sau biyu Allah bai yi ba, zan bi shawararka. Kuma ki faɗa da gaske, domin abin da ya nuna miki ba faɗuwa ba ne. Mai digiri na iya gama karatun jinya na gaggawa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, akwai kuma karatun mataimakin likita na shekara biyu da 'yan watanni, wanda ke son daidai irin awannin kula da marasa lafiya da kika tara. Cikin jerin makarantunki ki sa na DO, wani digirin likita daban da MD, masu shi likitoci ne cikakku masu rubuta magani da yin tiyata, tasu kafar ita ce AACOMAS, makin shigarsu ya ɗan fi sauƙi, ga irinsu makarantar Touro nan a Harlem. Makarantun tsibiran Karibiyan da za su fara cika miki akwatin imel da saƙon maraba, ki bar su tukuna, kuɗinsu da yawa, masu faɗuwa a hanya ma da yawa.

Mama lissafi take so ta ji, ki yi mata shi. Za ki shiga kina da 25, ki fito da 29, kuma horon asibitin da ke biyo baya, shekara uku ko sama, da albashi ake yin sa. Babu dokar da ta hana ɗalibar likita aure, akwai masu yi har da goyo. Ki ce mata ba ki rufe ƙofa ba, sharaɗinki kawai duk wanda ya zo a nuna masa kalandar nan tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.

A makon nan ki aika a ba ki kwafin takardun sakamakonki na makarantun biyu, ki lissafa makin kimiyyarki da kanki, ki rubuta wa malamin kwalejin da ya fi saninki. Idan kin yi gwajin MCAT na gaba bayan wata biyu na karatu, ki rubuto mini makin kowane sashe daban, mu ga inda ya kamata ki fi ba ƙarfi. Ki gaishe mini da Mama da Baba.